Allon da ake wankewa: me za mu kira FPGA da Hausa, kuma wanne za a fara saya?

Wani ɗalibin injiniyan lantarki ya aiko da tambaya mai harshe biyu. Ya ce: "Malam, me za mu kira FPGA da falankin da ake dasa ta a kai? Sannan na ce zan sayi mai sauƙin kuɗi, abokina ya ce mini araha ba ta ado. Karin maganar ta hau nan?"

Falankin dai sunansa allo, ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Asalinta Larabci ne, al-lauh, Hausa ta haɗiye "al" ɗin ta mayar da shi jikin kalma kamar yadda ta yi wa alƙalami da alƙali. Ka ce allon gwaji. Abin daɗin shi ne kalmar ta fi dacewa da ita kanta FPGA, wato ƙwayar lantarkin da ke bisa allon. Almajiri yana rubutu, ya biya, ya wanke, ya sake wani. Haka FPGA take: cike take da dubban 'yan ɗakuna, kowanne da ɗan teburin amsa da ma'ajiyar ɗigo ɗaya (sifili ko ɗaya), kai ne za ka faɗi yadda za a sada su da juna, gobe ka wanke ka sake. Ƙwayar da aka ƙera don aiki guda tun daga masana'anta kuwa allon zayyana ce, ba a wanke ta. Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fara fitar da irin wadda ake wankewa a 1985.

Kalmar da zan ja maka kunne a kanta, ɗana, ita ce manhaja. Daga manhaj ta Larabci take, wato tsarin da ake bi daki-daki, shi ya sa ta dace da abin da kwamfuta ke bi layi bayan layi. Abin da kake rubutawa da Verilog ko VHDL, harsunan da ake tsara FPGA da su, ba haka yake ba. Kwatancen wayoyi ne da ƙofofi, kuma duk suna aiki lokaci guda. Saƙa ta fi kusa da shi. Wanda ya riƙe shi a matsayin manhaja zai ba waya ɗaya umarni daga wuri biyu, ko ya manta faɗin abin da za a yi idan sharaɗi bai cika ba, manhajar da ke mayar da rubutun wayoyi da ƙofofi ta ƙago masa ma'ajiyar da bai nema ba, ya kwana yana neman inda ɓera ya shiga.

To, araha ba ta ado. Maganar kasuwa ce, ta tufafi da kayan ƙawa: abin da aka saya da sauƙi ba ya fitar da mutum kunya ranar biki. Amma kai ba ado ka fito nema ba, kuma ba a ba kolo allon gardi. Tang Nano 9K na Sipeed, mai ƙwayar Gowin, yana da ɗakuna 8,640, 'yan fitilu 6 da mashigar HDMI, kuma kuɗinsa bai kai rabin na manyan allunan da zan ambata nan gaba ba. iCEstick na Lattice ɗakuna 1,280 kawai gare shi da fitilu 5. Ko wannan ƙaramin ya isa babbaƙu da farfaru: mai ƙirga, mai aika haruffa zuwa kwamfuta, injin jeranta matakai irin na fitilar kan hanya.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne a makunnai. Basys 3 na Digilent, mai ƙwayar Artix-7, yana da makunnai 16, fitilu 16, madannai 5 da gurbin nuna lamba 4. DE10-Lite na Terasic yana da makunnai 10, fitilu 10 da gurbin lamba 6. A kan waɗannan za ka tura makunni da yatsa ka ga amsa nan take, ba tare da ka jona waya ko ɗaya ba. A kan ƙananan, kai za ka haɗa naka a gefe, kuma idan abu ya ƙi aiki ba ka san ko rubutunka ne ko wayar da ta kwance ba. Wannan sauƙin kake biya, ba yawan ɗakuna ba. Idan makarantarku tana koyarwa da wani allo, sayi irinsa, magana ta ƙare. Wanda za ka gudu shi ne allon da ba shi da takardar bayani ko zanen wayoyinsa, wannan cinikin biri ne a sama.

Karin maganar da ta fi hawa lamarinka wata ce daban: ba a fafe gora ranar tafiya. Fafewa ita ce a yanke bakin gora a ƙwaƙule cikinsa, sannan a jiƙa shi har ɗacin ya fita, aikin kwanaki. Goranka shi ne kayan aikin da za ka girka a kwamfuta, wato manhajojin tsara ƙwaya, domin kowace ƙwaya da nata. Basys 3 sai Vivado, wanda ke cin gomman gigabait kuma ba ya hawa Mac, sai Windows ko Linux. DE10-Lite sai Quartus Prime Lite. Dukansu akwai na kyauta da ya isa waɗannan alluna, amma mai sayen data da kuɗinsa ya san kyautar ba ta cika kyauta ba. Ƙwayoyin iCE40, irin ta iCEstick, suna tafiya da Yosys da nextpnr da IceStorm, marasa nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka. Saboda haka girka kayan tukuna, ka ga sun buɗe a kwamfutarka, kafin ka biya kuɗin allo. Kafin ya iso ma kana iya fara karatu da Icarus Verilog, mai kwaikwayon aikin ƙwaya a cikin kwamfuta, ka kalli hawa da saukar sigina a GTKWave.

Tambaya ta biyu daga wata mai karatu ce: "Me ya sa ake cewa agogo, alhali ba lokaci yake nunawa ba?"

Agogo aro ne daga Yarabanci, inda ake kiran ƙararrawa da shi, don haka bugu ne asalinsa, kuma bugun ake nufi a nan, wato bugun lantarkin da ke tafiyar da aikin ƙwaya. Na iCEstick yana bugu miliyan 12 a sakan, na Tang Nano 9K miliyan 27, na DE10-Lite miliyan 50, na Basys 3 miliyan 100. Idan kika jona fitila kai tsaye da shi, ido ba zai ga ƙiftawa ba. A iCEstick ki yi mai ƙirga na ɗigo 24 ki ba fitila ɗigon ƙarshe: yana juyawa bayan bugu 8,388,608, kusan kashi bakwai cikin goma na sakan. A Basys 3 sai ɗigo 27 kafin ki sami kusan haka.

Idan fitilar ta ƙi, duba fayil ɗin da ke faɗin wace ƙafar ƙwaya ke zuwa wace fitila. Sunan da ke ciki dole ya zama daidai da na rubutunki, harafi da harafi. A Tang Nano 9K sifili ne ke kunna fitila, ba ɗaya ba. Idan kwamfuta ba ta ga allon ba sam, sauya kebul, wasu na caji ne kawai. Madanni kuma yakan yi tsalle-tsalle a ciki idan aka danna, mai ƙirga ya lissafa danni ɗaya sau da yawa, sai a sa shi ya jira kamar kashi ɗaya cikin ɗari na sakan kafin ya yarda. Kuma kada ki kawo wutar bolt 5 daga allon Arduino Uno zuwa ƙafafun da aka yi don bolt 3.3 ba tare da mai rage ta a tsakani ba, ƙafar da ta ƙone ba ta wankuwa.