Bututun Da Ƙanenka Zai Aiko Daga Amurka

Wani Alhaji mai shagon kayan gini a Aboabo, Kumasi, ya rubuto cewa yana da ƙaramar bindiga Glock 21 mai lasisi, wadda ke cin harsashi .45 ACP. Ƙanensa da ke New York ya ce zai aiko masa da sabon bututu da zai mayar da ita mai cin .460 Rowland, wai ƙarfinta ya kusa ninkawa. Yana tambaya ko ya dace ya karɓa.

Alhaji, ƙanen naka bai yi ƙarya ba wajen ƙarfi. Matsin da .45 ACP ke yi cikin bututu bai wuce psi 21,000 ba (psi ma'aunin matsi ne), na .460 Rowland kuwa yakan kai wajen 40,000. Shi ya sa aka tsawaita kwanson .460 ɗin kaɗan, don kada wani ya cusa shi cikin bindigar da ba a shirya ta ba, ta fashe masa a hannu. Kuma ba bututu kawai ake sauyawa ba. Sai an haɗa da sifirin mai tauri, da wani ƙarfe mai huji a bakin bututun da ke fitar da iskar harbi sama don rage shuri. Duk da haka jikin bindigar na shan duka fiye da yadda masu ƙerawa suka tsara, ƙara ta fi yawa, kuma saiti na biyu ya fi wuya. A Amurka mafarauta da masu shiga dajin da ke da manyan namun daji ne suka fi nemansa. Kai kuwa shago kake tsaro, a unguwar da gida ke jingine da gida. Harsashin da ya huda bango bai san maƙwabci ba.

Sannan ina za ka samo harsashin? Abin da dillalai masu izini suka fi ajiyewa a nan shi ne na bindigar farauta. Bindiga ba harsashi, gara gora.

Babbar maganar ita ce takarda. Lasisin da 'yan sanda suka ba ka na wannan bindigar ne, da lambarta da irin harsashinta, kuma duk shekara ake sabunta shi. Shigo da makami ko sassansa na buƙatar izinin Ma'aikatar Cikin Gida, ita ma Amurka ba ta barin bututun bindiga ya fita sai da izinin gwamnati. In ƙanenka ya tura shi cikin durom ɗin kayan sallah, tsakanin takalma da man shafawa, a tashar jiragen ruwa ta Tema ku biyu ne za ku amsa tambaya. Ka ce masa ya bari. In kuɗin na ƙaiƙayinsa, ya saya maka akwatin ƙarfe mai makulli, yara na shiga shagon nan.

Wani saurayi daga Asawase kuma ya tambaya ko maƙeri zai iya faɗaɗa bututun bindiga mai cin harsashi 9mm ya ci .40 wanda ya fi shi kauri, tunda masu aikin ƙarfe sun cika Suame.

A'a, ɗana. Gindin kwanson .40 ya fi na 9mm faɗi, ba zai zauna a mazauninsa ba, kuma duk abin da aka kankare a bututu kaurinsa aka rage. Ko kamfanonin ƙera bututun bindiga irin su Lone Wolf da KKM sun fi yin na saukowa, daga .40 zuwa 9mm, don harsashinsa ya fi araha. Ban kuma ga ka ambaci lasisi a wasiƙarka ba.