Wace Fitila Ake Sa wa Irin Tumatir da Tattasai a Ɗaki?

Tambaya: Maigida, ruwan Agusta yana yawan ɓata mana irin tumatir da tattasai a komi, ga farin ƙuda. Ina so in raini iri a tire cikin ɗaki kafin dashen rani a nan gefen Kura. Na ga wata fitila mai jan haske da shuɗi, an rubuta wat 1000 a kwalinta. Ita zan saya? Kuma yaya ake sanin haske ya ishi shuka?

Amsa: Sani, ajiye kuɗinka tukuna. Lambar da ke jikin kwali ba ita ce ke ciyar da ganye ba. Yawancin irin waɗannan fitilu in ka sa su a mitar awon wuta za ka tarar abin da suke ja bai wuce wat 100 zuwa 150 ba, dubun nan na jan hankalin mai saye ne. Ko da ma wat ɗin gaskiya ne, wat yana gaya maka wutar da fitila ke sha ne kawai. Abin da ya dame mu shi ne hasken da ya sauka a kan ganye, kuma wannan aunawa ake yi, ba a karanta shi a kwali.

Ido ma kada ka yarda da shi. Ɗakin da ka sa wa ƙwan lantarki biyu kana karatu a ciki sarai, haskensa bai wuce laks 200 zuwa 300 ba, laks kuwa shi ne ma'aunin haske yadda idon mutum ke ganinsa. Ranar tsaka a fili kuwa tana kaiwa laks 100,000. Kai kana ganin ɗaki ya yi haske tar, shukar kuwa a wurinta magariba ce.

Masu wannan aiki suna auna hasken shuka da maikromol, wato yawan ƙwayoyin hasken da ganye ke iya amfani da su da ke sauka a murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ranar tsaka tana ba da wajen 2,000. Na'urar auna shi tana da tsada, amma akwai sauƙi: a ƙarƙashin farar fitilar LED, laks 1,000 daidai yake da kusan maikromol 15. Ka sayi ƙaramar mitar laks, ko a rashinta ka sauke manhaja a waya, duk da ta waya tana iya yin kuskure mai ɗan yawa. A makon farko bayan tsirowa kana neman laks 7,000 zuwa 10,000 a saman ganye. Daga fitowar ganyen gaskiya, wato wanda ya biyo bayan kunnuwan nan biyu na farko, ka kai shi 13,000 zuwa 17,000, maikromol 200 zuwa 250 ke nan.

Ƙarfin haske kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da tsawon lokaci, don shuka jimillar abin da ta samu a yini take ci. Lissafin shi ne: maikromol sau awanni sau 0.0036. Irin tumatir da tattasai yana son jimillar ta kama daga 12 zuwa 15 a yini. Maikromol 250 na awa 16 ya ba ka 14.4, ya yi daidai. Maikromol 100 na awa 16 bai kai 6 ba, irin zai fito amma ba zai yi ƙwari ba. Sai wani ya ce to bari ya bar fitila a kunne dare da rana ya cike giɓin. Tumatir ba ya jure wannan. In ba ya samun duhu, ganyensa kan yi dabbare-dabbaren rawaya ya lalace. Awa 16 haske, awa 8 duhu, kuma ka sa agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, don ɗan adam sai ya manta.

Yanzu zaɓin fitila. Tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, ka cire shi daga lissafi: zafi ya fi yi, kuma irin hasken da yake bayarwa sa shuka yake ta yi dogon wuya. Manyan fitilun sodiyam na wat 400 da 600 ana amfani da su a gidajen gilashi na ƙasashe masu sanyi irin su Holan, inda zafin da suke fitarwa ma riba ne. A ɗaki mai rufin kwano a Kura dafa maka iri za su yi. Ita kuma mai ja da shuɗin da ka gani, ba wai shuka ba ta girma a ƙarƙashinta ba ne, tana yi. Aibinta biyu ne. Mitar laks ba ta karanta ta daidai, saboda haka lissafin da na ba ka ya rushe. Sannan a ƙarƙashinta duk ganye baƙi-baƙi yake fitowa, ba za ka gane wanda ya fara rawaya ko wanda ƙwari suka hau ba sai abu ya yi nisa.

Farar LED nake ba ka shawara, mai lamba 4000K zuwa 6500K a jikinta, wato lambar da ke nuna launin haskenta. Akwai ja da shuɗi duka a cikin farin, kuma shuɗin da ke cikinsa shi ke sa iri ya tsaya gajere mai kaurin kara. Dogon ƙwan LED na ƙafa huɗu mai wat 18, wanda ake samu a shagunan kayan wuta a Sabon Gari, yana aiki in ka jera da yawa. Ka ɗaga shi a hannu kafin ka biya. Mai bayan alminiyam ya fi nauyi, ya fi fitar da zafi, ya fi daɗewa. Wanda yake roba zalla shafal, sau da yawa wat ɗinsa bai cika ba, kuma bayan 'yan watanni haskensa yakan dusashe ba ka ankara ba. In ka samu sandunan LED da aka yi musamman don shuka, nemi inda aka rubuta maikromol nawa suke bayarwa a kan kowane jul na wuta, wato wat ɗaya na daƙiƙa ɗaya. Daga 2.5 zuwa sama mai kyau ce. In ba a rubuta ba, a wurina alama ce ba su da abin faɗa.

Ga yadda za ka tsara kantar ɗora tire guda ɗaya. Tsawo mita 1.2, faɗi santimita 60, tana ɗaukar tire huɗu masu ramuka 128, iri 512 ke nan. Ka jera dogon ƙwai 7 a samanta, tazararsu daidai, na farko da na ƙarshe su zo daidai bakin tire, ba a cushe su a tsakiya ba. Ka ɗaure su a katako ɗaya ka rataya da sarƙa don ka riƙa ɗagawa. Tsakanin ƙwai da kan ganye santimita 10 zuwa 15. Sandunan shuka masu ƙarfi kuwa 25 zuwa 40, kuma wat 80 nasu zai yi aikin da waɗannan bakwai ke yi. Shuka tana girma tana matsowa, don haka duk kwana biyu ko uku ka sake duba tazarar. Bangon da ke kewaye ka shafe shi da farin fenti, yana dawo da hasken da zai tsere ta gefe.

In ka gama ratayawa, auna a wuri tara: kusurwa huɗu, tsakiyar kowane gefe, da tsakiyar kanta, mitar tana daidai tsayin ganye. In kusurwa ba ta kai kashi biyu cikin uku na tsakiya ba, ka gyara jerin, ko ka riƙa juya tire kullum. In ba haka ba ranar dashe za ka fito da iri kala biyu, na tsakiya jarumai, na gefe 'yan rakiya.

Shukar da kanta za ta gaya maka in an yi kuskure. Ƙarancin haske: kara ya zama siriri, fari-fari, dogo, tazara tsakanin ganye da ganye ta yi yawa, ya karkata wajen fitila har ya kwanta. Wannan ya fi faruwa a kwana biyun farko, in aka bar tire a rufe bayan iri ya fasa ƙasa. Da ka ga kan tsiro ya leƙo a lanƙwashe, kunna fitila a ranar, don karan da ya riga ya zarce ba ya komawa. In fitila ta yi kusa da yawa kuwa, ganyen sama yakan naɗe gefensa sama kamar cokali, ya koɗe, bakinsa ya bushe, na ƙasa kuma lafiya lau. Ka sa bayan hannunka daidai ganye na ɗan lokaci, in ka ji ɗumi sosai ɗaga fitilar. Akwai kuma wasu ƙuraje farare da kan fito a bayan ganyen tumatir a ƙarƙashin LED in ɗaki ya yi laima da yawa. Ba cuta ba ce, kada ka ɓata kuɗin magani. Saiwa ce ke shan ruwa fiye da yadda ganye ke fitarwa. Rage ban ruwa, ka yi shi da safe, ka sa ƙaramar fanka tana kaɗa ganye a hankali. Fankar tana ƙara wa kara ƙwari, tana kuma rage ruɓewar gindi da ke kayar da ƙananan tsiro.

Zafin ɗaki ka riƙe shi tsakanin digiri 22 da 30. Duk wat ɗin da fitila ta sha a ƙarshe zafi yake komawa cikin ɗakin, saboda haka ɗakin ƙasa mai azara ya fi na kwano marar silin, kuma a bar taga biyu masu raga iska ta ratsa. Wayoyi su bi ta sama, soket kada ya zauna ƙasan inda ruwa ke ɗiga, haɗin waya a rufe shi cikin akwati, ba naɗin salatif kawai ba. Lokacin hazo ka riƙa goge ƙwai duk mako, ƙura tana cin haske.

Sai batun wuta, wanda shi ne zai yanke maka girman aikin. Ƙwai 7 wat 126 ne, sau awa 16 ya kama kilowat-awa 2 a yini, kanta ɗaya tak. Farantin sola mai wat 550 kusan abin da yake bayarwa ke nan a yini bayan an cire asara, kuma a Agusta da gajimare sai ya gaza, don haka ka ƙara wani abu a kai. In ka kunna daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 9 na dare, rana za ta ɗauki tsakiyar, batir ya ɗauki safiya da yamma, wajen kilowat-awa 1. Batirin bolt 12 mai amfiya 200 zai iya, in dai ba ka sauke shi ƙasa da rabi. Kanta uku, komai sau uku.

Wannan lissafin ya sa nake cewa ka tsaya a reno, kuma na irin haɗi, wato irin da aka yi wa aure, mai tsada wanda asarar kowace ƙwaya ake ji a aljihu. Tumatir mako 3 zuwa 4, tattasai da attaruhu 5 zuwa 6, sai waje. Kada ka yi tunanin kai tumatir har 'ya'ya a ɗaki: yana neman kusan ninki biyu na hasken nan, wata da watanni, gindi uku ko huɗu a murabba'in mita, kai kuma da manoman rani na Kadawa masu rana kyauta za ka haɗu a kasuwa. In ma kana da halin kafa ɗan gidan raga mai rufin leda, ya tare ruwa da ƙwari, ya fi fitila arha nesa ba kusa ba.

Kafin dashe ka saba wa irin da rana, don wanda ya tashi a laks 15,000 in ka jefa shi cikin 100,000 kai tsaye ganyensa zai ƙone fari fat. Ranar farko awa ɗaya zuwa biyu da sanyin safiya, sannan a mayar inuwa. Kullum ka ƙara awa ɗaya ko biyu, kana ɗan rage ruwa, har kwana 5 zuwa 7 ya iya wuni a fili. Dashen kuma da la'asar sakaliya, a bi da ruwa nan take.