Sitenles Ba Ya Son Wuta da Yawa

Tambaya: Malam, ni mai walda ne a Kaduna. An ba ni aikin teburin sitenles na gidan burodi. Sandar walda mai lamba 6013 na saba da ita, ga ta da araha. Za ta yi, ko dole sai na sayi ta sitenles? Wuta kuma nawa zan ba injin?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye 6013 ɗin nan, ta baƙin ƙarfe ce. Za ta kama, amma gaɓar ce za ta fara tsatsa, wani lokaci har ta tsage, kuma teburin da ake wankewa kullum ba zai rufa maka asiri ba. Sitenles iri-iri ne, kowane da lambarsa: in ƙarfen 304 ne, nemi sanda mai lamba 308L. In za ka haɗa shi da ƙafafun baƙin ƙarfe, 309L ce tasu.

Maganar wuta ita ce babba. Sitenles ba ya watsa zafi kamar baƙin ƙarfe, riƙe shi yake yi wuri guda, ga shi da saurin lanƙwashewa. Don haka rage wutar ƙasa da yadda hannunka ya saba. Sanda mai kaurin milimita 2.5, fara daga wajen amfiya 60, ka gwada a kan guntu tukuna. Da ka ga sandar ta yi jajawur tun ba ta kai rabi ba, ɓawonta na zubewa, to wuta ta yi yawa.

Abin da ke hana ƙarfen nan tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, kusan kashi 18 cikin 100 a 304. Zafi in ya daɗe a kansa, sai kuromiyam ya haɗe da kabon, gefen waldar ya rasa kariya. Shi ya sa nake nanata harafin L ɗin: yana nufin kabon kaɗan ne a sandar.

Kada ka ɗaga sanda nesa, kada ka yi ta lilo da hannu. Ɗiɗɗiga wuri-wuri, ja gajeren layi, bari ya huce, sannan ka ci gaba. Kakkaɓe dattin ka duba: launin zinare ko shuɗi-shuɗi, aiki ya yi, baƙi-ƙirin, ka ƙona shi. Burushi da faifan giranda ma ware masa nasa, domin ƙurar baƙin ƙarfe kaɗai ta isa ta jawo tsatsa.

Tambaya: Wata hajiya daga Zariya na son ƙarfen dafawa na matakalar bene. An ce mata akwai sitenles 201, akwai 304. Wanne za ta saya?

Amsa: Hajiya, 201 ya fi araha saboda sinadarin nikel da ke cikinsa kaɗan ne. Cikin gida zai yi. In waje ne inda damina ke dukansa, ƙara kuɗi ki sayi 304, kuma a rubuta miki lambar a rasit, don maganaɗisu ba ya bambance su.