Ga ƙanwata mai son fitowa karatun sulhu da sasanci

Wa'alaikumus salam ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce kin gama digirin lauya kina son fitowa waje ki yi mastas a fannin warware rikici ba tare da shari'a a kotu ba, wato ADR, kina tambaya wace makaranta ta fi, kuma in kin gama akwai aiki ko babu. To bari in gaya miki abin da na sani tsakani da Allah, don fannin nan ina ƙaunarsa sosai kuma ba na so ki shigo shi da ido rufe.

Abu uku ne aka tara ƙarƙashin suna ɗaya, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Akwai abitireshon, inda masu rikici ke zaɓar wanda zai saurare su ya yanke hukunci kuma hukuncin ya hau kansu dole, wannan galibi aikin lauyoyi ne, abin da ya ba shi ƙarfi kuwa yarjejeniyar Niyok ce ta 1958 da ta sa hukuncin da aka yanke a wata ƙasa ana iya zartar da shi a ƙasashe sama da 160. In shi kike so, ki duba jami'ar Queen Mary a Landan, suna da makarantarsa tun 1985, ko MIDS, wani shirin mastas na warware rikicin ƙasa da ƙasa a Janiba. Akwai kuma shiga tsakani, shi mai sasanci ba ya yanke komai, nasa kawai ya taimaki mutane su daidaita da kansu. Sai ita kanta tattaunawar, yadda ake ciniki a cimma matsaya, wadda ita ce uwar sauran. Waɗannan biyun a nan Amurka aka fi ba su muhimmanci, ana yawan ambaton cibiyar Straus ta jami'ar Pepperdine a Kalifoniya, da jami'ar Missouri, da shirin koyar da tattaunawa na Harvard da aka kafa a 1983.

Amma ni abin da nake so ki riƙe, kar sunan makaranta ya ruɗe ki, ki tambayi yadda suke koyarwa. Wannan ba karatun da ake haddacewa a zuba a jarrabawa ba ne. A aji mai kyau malami zai raba ku biyu-biyu, ya ba ki takardar sirri, ke ce mai sayar da wani gida kuma an rubuta miki mafi ƙarancin kuɗin da za ki karɓa da dalilin da ya sa kike sauri, abokin karatunki ma an ba shi tasa wadda ba ki gani ba, ku fita baranda ku yi ta fama, in lokaci ya cika a dawo malami ya jera sakamakon kowa a allo. Nan ne jiki ke yin sanyi wallahi, labari ɗaya takarda ɗaya amma wani ya sayar da tsada wani da araha, wasu ma sun tashi baram-baram alhali akwai wurin haɗuwa a fili. Sai a fara bin diddigi, wa ya fara faɗin farashi, me ya sa kika sauko da wuri, kin ma tambaye shi abin da yake buƙata kuwa ko kin yi ta kare naki ne kawai. A wannan bitar ake koyon abin, ba a lakca ba. Nan za ki gane amfanin abin da suke kira BATNA, wato mafitar da kike da ita in ciniki ya watse, wanda Roger Fisher da William Ury suka yaɗa a littafinsu Getting to Yes na 1981. Wanda bai san mafitarsa ba ko dai ya karɓi abin da bai kamata ba ko ya ƙi abin da ya fi masa alheri.

Na biyu ki tambaya ko suna kai ɗalibai kotun ƙananan ƙararraki su yi sasanci na gaske ƙarƙashin kulawar malami. Ki zauna tsakanin mai gida da ɗan haya suna rigima kan kuɗin ajiya, ɗaya na ɗaga murya ɗaya ya haɗe rai ya ƙi kallon kowa, ke kuma bakinki na ƙaiƙayi ki faɗi wanda ke da gaskiya don haka aka horar da ke a matsayin lauya, amma dole ki yi shiru ki yi tambaya. Lauyoyi sun fi kowa shan wahala a nan. Makarantar da ba ta da irin wannan, ni dai ba zan ba ki shawarar ki zuba kuɗinki a cikinta ba komai sunanta.

In kuma koyarwa da bincike ne a ranki, ki sani malaman fannin ba bakinsu ɗaya ba, kuma abin da ya sa yake da daɗi ke nan. A 1976 Frank Sander na Harvard ya kawo shawarar kotu mai ƙofofi da yawa, a duba kowace ƙara a tura ta hanyar da ta dace da ita, tunanin ya yi tafiya har Legas ta buɗe irinta a 2002. Amma a 1984 Owen Fiss na Yale ya yi rubutu yana adawa da sulhun, ya ce sau da yawa mai rauni ne ke haƙura da haƙƙinsa don ba shi da kuɗin shari'a, kuma al'umma na asarar hukuncin da zai zama ma'auni ga kowa. Ni ina ganin duk mai son sasanci da gaske ya kamata ya ɗauki maganar nan da nauyi, don har yau ba ta mutu ba, ga kamfanoni a nan Amurka suna saka sharaɗin abitireshon a takardar ɗaukar aiki ta yadda ma'aikaci ba zai iya zuwa kotu ba, ga kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila a shari'ar Churchill ta 2023 ta ce alƙali na iya umartar mutane su gwada sasanci tukuna. Sulhun da aka tilasta, sulhu ne kuwa? Irin tambayar da ake yin digiri na uku a kanta ke nan, kuma in kin zo da taki tambayar a takardar neman gurbi ta fi dogon yabon makaranta tasiri.

Maganar aiki kuma, ba zan ɓoye miki ba, babu wanda ke naɗa sabon ɗalibi ya yanke hukunci a rikicin miliyoyi. Masu rikici ne ke zaɓa, kuma wanda ya daɗe ana ganin aikinsa suke ɗauka. Yawanci ana farawa ne a ofishin lauyoyi ko a cibiyoyin da ke gudanar da irin waɗannan ƙararraki, sasanci kuwa da yawa da aikin sa kai suke somawa bayan horon awa 40 da jihohin Amurka da dama ke nema. In kina da niyyar rubuta jarrabawar lauyoyi ta Niyok, akwai darussan da za a iya wajabta miki a cikin mastas ɗin, ki lissafa su tun kafin ki cika jadawalinki da kwasa-kwasan sasanci.

Tun kafin ki taso ma akwai abin yi. Cibiyar CIArb mai horar da masu abitireshon da sasanci, wadda ke nan tun 1915, tana da kwas na matakin farko da za ki iya yi ki ɗanɗana ki ji ko abin ya kwanta miki, sannan ki karanta yarjejeniyar Singafo ta 2019 kan zartar da sulhun kasuwanci tsakanin ƙasashe, gajeriya ce. Ki turo min sunayen makarantun da kike dubawa da jerin darussansu mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ki kuma faɗa min cikin ukun nan wanne ya fi jan hankalinki. Ki gaishe min da su Mama, Allah Ya yi miki zaɓi mafi alheri.