Amsa: Yadda za ku riƙe sababbin 'yan sa-kai

Malam, ka tambayi abin da ke sa 'yan sa-kai watsewa daga ƙungiyarku da zarar an gama bita. Sabon shiga yana bukatar babban yaya a cikin ƙungiya, wanda zai neme shi idan bai gan shi ba.

Don haka tsofaffin membobi za ku fara horarwa: sauraro, cika alkawari, da gyara kuskure a keɓe. Kowa ya riƙi mutum biyu ko uku, su riƙa haɗuwa duk mako biyu. 'Yan Sikawut a kan irin wannan tsari suke tun 1907, ƙaramin rukuni da jagora daga cikinsu.

Kuma don Allah mace ta riƙi mace, hankalin iyaye ya fi kwanciya.