Tambaya da Amsa: Shin Farashin Gidaje Ya Faɗi a Yamai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Tawa ne, na shekara 14 ina sayar da kayan gyaran babura a Yamai, kuma ina zaune gidan haya a Bukoki da iyalina. Na tara sefa miliyan 9. Abokaina suna cewa tun da Turawa suka kwashe kayansu farashin gidaje ya faɗi, in na ƙara haƙuri zai ƙara faɗuwa. Amma mai gidan da nake ciki ya ƙara mini jika 5 a wata, sannan wani dillali ya nuna mini fili mai araha a Harobanda, tsallaken kogi. In jira ne ko in saya? Daga mai karatu a Bukoki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokanka ba su yi ƙarya ba, sai dai gidajen da suke magana a kansu ba su ne irin wanda kake nema ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa sun kammala ficewa a Disambar wannan shekara, ofishin jakadancinta ya rufe, sojojin Amurka suka bi baya a 2024, kuma ƙungiyoyin waje da dama suka rage ma'aikata. Waɗannan su ne masu kama manyan gidaje a unguwannin Filato da Kwara Kano, masu lambu da ɗakin mai gadi, su biya kuɗin wata shida ko shekara a dunƙule. Da suka tafi, masu irin waɗannan gidaje suka rasa mai shiga. Ko a nan ɗin ma, kuɗin haya ne ya fi sassautawa, domin mai gida a Yamai ya gwammace ya rufe ƙofa ya jira da ya sayar a kan faɗuwa, tunda mafi yawansu da kuɗin hannunsu suka gina, babu bankin da ke matsa musu.

Kasuwar da kake ciki daban take. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 1 a Yamai, kuma tun daga lokacin garin bai daina cika ba: ga haihuwa, ga 'yan cin rani da ke zama ba su koma ba, ga iyalan da rashin tsaro ya koro daga jihar Tillaberi. Duk waɗannan ciki da falo suke nema, ko fili mai murabba'in mita 200 zuwa 300 a bakin gari. Ƙarin jika 5 da mai gidanka ya yi maka ya fi maganar abokanka nuna inda kasuwa ta dosa, domin da yana tsoron ɗakin zai zauna babu kowa, da bai yi ba. A ganina jira ba zai kawo maka rahusa ba, kuɗin haya kawai zai ci gaba da ci.

Sai dai filin Harobanda yana bukatar dogon tunani. Gaskiya ne cewa tsallaken kogi ya samu daraja tun da gadoji suka zama uku: ta Kennedy ta 1970, ta Sin ta 2011, da ta Janar Seyni Kunce da aka buɗe a 2021. Amma wanda ya ga daminar 2020 bai manta yadda kogin Isa ya fasa shinge ya shiga Lamorde da Kirkisoye ba, har aka kwashe iyalai zuwa makarantu. Sau da yawa arahar fili a can kuɗin ɓarnar ambaliya ne aka cire maka tun farko, wanda za ka biya daga baya da cikon ƙasa da dogon tushe, ko da asarar ginin gaba ɗaya. Harobanda tana da tudu tana da kwari, saboda haka kada ka yarda a nuna maka fili da rani kawai. Ka je a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka dubi alamar da ruwa ya bari a katangun maƙwabta, ka tambayi tsofaffin unguwa ba tare da dillalin yana tsaye kusa ba. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba laifi ba ne, amma ba shi zai kwana a gidan ba.

Bayan ruwa sai takarda. Filaye biyu masu girma ɗaya a layi ɗaya suna iya bambanta a farashi saboda ɗaya yana da takardar yankan fili ta magajin gari ko takardar mallaka ta dindindin, ɗayan kuwa takardar shaidar mai gari ce kawai a kan gonar gado da magada ba su gama rabawa ba. An sha sayar da fili guda ga mutum biyu ko uku, an kuma sha yanka filaye a cikin dajin da gwamnati ta shuka kewaye da Yamai, inda gini ke iya fuskantar rusau. Ka kai lambar filin ofishin magajin gari da na rajistar filaye a duba sunan wanda ke kai, a yi cinikin gaban notar, wato mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, kuma kada sisi ya fita hannunka kafin haka. Da miliyan 9, fili mai tsabtar takarda a kan tudu, ko da ya yi nisa kamar bayan Kwara Tegi, tare da ɗaki biyu da katanga, ya fi kusa da ƙarfinka fiye da ginannen gida a tsakiyar gari. Ka lissafa da kuɗin jawo ruwa da wutar NIGELEC, da man da za ka riƙa ƙonawa zuwa shago kullum.

Tambaya: Malam, an rage kuɗin siminti, me ya sa gidaje ba su sauko ba? Daga wata malamar makaranta a Tawa.

Amsa: Malama, gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, kuma ku mutanen Tawa kuna da sauƙin kusanci da masana'antar Malbaza. Amma siminti kashi ɗaya ne cikin kuɗin gida. Ƙarfe da kwanon rufi da tayil daga waje suke zuwa, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke bin tashar Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Ragin ya taimaki mai ɗora bulo da kaɗan-kaɗan, wanda kuwa ya riga ya gina gidansa da tsohon farashi ba zai sauko da kuɗinsa saboda shi ba.