Sienna ko Hiace ga mai 'ya'ya shida a Garwa ta Kamaru?

Malam, ka tambaya wacce ta fi dacewa da kai, uwargida da yara shida, biyu daga cikinsu ƙanana. Sienna mai kujera takwas za ta ɗauke ku daidai wa daida. Hiace sai in za a riƙa ɗaukar kaya da 'yan biki, don tana jijjiga yara.

A Siennar 2004 zuwa 2010 inji iri biyu ne. Mai lita 3.3, na 2004 zuwa 2006, bel ne ke juya tayimin ɗinsa, ana canza shi wajen kilomita 145,000, tare da famfon ruwa. Mai 3.5, daga 2007, sarƙa gare shi, ya fi sauƙin riƙo. Ka guji mai jan ƙafa huɗu, don ba ta zuwa da tayar safaya, kuma hanyar Mora zuwa Kusuri ba a shigarta haka.

Ƙofar gefe mai buɗe kanta tana da kyau, amma ƙura na cika layinta, wayar da ke janta ta tsinke. Ka buɗe ka rufe sau da yawa, ka saurari ƙara, ka gwada makullin yara. Kunna na'urar sanyi ta baya da tsakar rana ka zauna a layi na uku. Zafin Afrilu a nan ba wasa ba ne.

Cikinta yana kusa da ƙasa, a leƙa ko tukunyar man inji ta taɓa bugun dutse. Man zuwa-zuwa kuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, yakan toshe famfon mai. Kafin ka biya, ka gwama lambar shasi da ta takardar kwastan.